Yadda ake tsara tafiyar farko zuwa Sin ba tare da an faɗa cikin hutunsu ba

Ranar 30 ga Satumba na fara taka Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu ke ce wa Gwanzu. Tun daga Katsina nake yi wa kaina kirari, wai na samu tikiti mai sauƙi. Washegari na yi wanka, na saɓa jakar samfur, na nufi kasuwar takalma da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ko'ina jajayen tutoci, titi cike da mutane da 'ya'yansu ana ta ɗaukar hoto, amma shagunan da na zo dominsu mafi yawa an ja ƙofar ƙarfe an datse. Ofishin masu kago, wato kamfanin da ke yi wa 'yan kasuwa jigilar kaya zuwa gida, shi ma a rufe, da 'yar takarda manne a ƙofa wadda ban iya karantawa ba. Da dare na samu kawuna a waya, shi da ya yi shekara da shekaru yana bin wannan hanya.

"Kai yaro, wa ka tambaya kafin ka yanki tikitin nan?"

"Ban tambayi kowa ba, Kawu."

"To shi ke nan. Zauna ka ci kuɗin ɗaki har su dawo. Araha ba ta ado."

Mako guda na yi ina biyan otal ina yawon kallon gari, kwanakin bizata na tafiya. Ashe ranar 1 ga Oktoba da muke hutun samun 'yancin kai na 1960, ita ce ranar da Sinawa ke bikin kafa jamhuriyarsu a 1949. Mu yini ɗaya muke hutawa, su kuwa mako guda suke ɗauka. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake bi tun daga wannan karon, kuma shi nake ɗora duk wani ƙanenmu na babbar kasuwa a kai in zai yi fitar farko.

Mataki na farko: kalanda uku kafin tikiti

Kada ka fara da tambayar kuɗin jirgi. Samo takarda ka rubuta ranakun hutun Sin, ranakun hutun Najeriya, da lissafin watan Musulunci, duk a shafi ɗaya.

A wajen Sinawa hutu uku ne ke tsayar da kasuwa. Akwai na 1 ga Mayu, ranar ma'aikata, wanda a 'yan shekarun nan kwana biyar ake yi. Akwai na ranar ƙasa, daga 1 zuwa 7 ga Oktoba, wanda in ya haɗu da bikin tsakiyar kaka yakan kai kwana takwas, kamar yadda ya faru a 2025. Sai uban gayya, sabuwar shekararsu ta lissafin wata, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2025 ta kama 29 ga Janairu, a 2026 ta kama 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu.

Ita wannan sabuwar shekarar, duk wanda ya auna ta da hutun da gwamnati ta rubuta a takarda zai sha mamaki. A takarda mako guda ne da 'yan kwanaki. A masana'anta kuwa, ma'aikatan mafi yawansu 'yan ci-rani ne daga lardunan nesa, kuma sau ɗaya suke zuwa gida a shekara. Mako biyu kafin bikin sun fara zamewa, da yawa kuma ba sa dawowa sai bayan bikin fitilu, ranar 15 ga watansu na farko. Wasu ma ba sa dawowa wajen tsohon ubangidan sam, sai ya nemi sabbin hannu ya koya musu aiki. Tururuwar tafiya gida da dawowa kwana 40 ake ƙirga mata. Ka tuna yadda tashar mota ke zama a Kano ana gobe Sallah, sai ka ɗora wannan a kan ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya da miliyan 400. Babbar kasuwar Yiwu, wani gari na daban da ya yi suna a sarin ƙananan kaya, ita kanta rufe ta ake yi gaba ɗaya na wajen mako biyu ko fiye. A lissafina, wata guda cur ka cire shi daga kalandarka, kuma makonni biyun da ke gabansa ma ba na oda ba ne, don aikin gaggawa ake yi: ɗinki ya karkace, gam bai kama ba, kuɗin kwantena ya hau.

Wani abu da ke ruɗa baƙo: don su haɗa hutu ya yi tsawo, sukan mai da wata Asabar ko Lahadi ranar aiki, kafin hutun ko bayansa. Gwamnatinsu kan fitar da jadawalin shekara mai zuwa tun ƙarshen shekarar da ake ciki. Ka sa mai sayar maka da kaya ko ejan ɗinka ya turo maka shi, sannan ka yi masa tambaya ɗaya kai tsaye: wace rana za ku rufe, wace rana za ku buɗe? Ranar shagonsa ta fi maka ranar gwamnati amfani.

Namu kalandar kuwa ka san halinta. Hutun Sallah sai an ga wata, kuma sanarwar gwamnati 'yan kwanaki kafin ranar take fitowa. Ofishin bizar Sin a Abuja hutu biyu yake ci, namu da nasu.

Mataki na biyu: ƙirga baya daga ranar da kake son kaya a shago

Nan ne zuciyar aikin. Mu a nan kasuwarmu Sallah ce ke tafiyar da ita. Takalmi, jaka, mayafi, kayan yara, duk mai shago ya san in ba su iso da farkon azumi ba, ciniki ya wuce shi, domin 'yan sari daga Daura, Jibiya, Mani da Dutsinma tun farkon wata suke ɗiba. Matsalar 'yan shekarun nan ita ce azumi da sabuwar shekarar Sinawa sun zo kafaɗa da kafaɗa. A 2026 mako ɗaya suka faɗo, a 2027 ma haka lissafi ya nuna, tunda farkon azumi zai kama wajen 8 ga Fabrairu. Wanda ya ce bari azumi ya matso ya je sayen kayan Sallah, ƙofa rufe zai tarar.

Ɗauki 2027 ɗin mu yi lissafi tare. Kana son kaya a shago farkon Fabrairu. Jirgin ruwa zuwa Legas, da zaman tashar ruwa, da aikin kwastan, da motar da za ta hauro da su arewa, ni mako goma nake ware musu, in sun iso kafin nan na gode Allah. Ke nan dole a yi lodi kafin ƙarshen Nuwamba. In kayan oda ne da za a ƙera maka, ba wanda ke ajiye a sito ba, ƙara mako uku zuwa huɗu. Ka ga ya kamata ƙafarka ta kasance a Gwanzu farkon Nuwamba. Biza kuwa a Oktoba za ta fito, amma makon farko na Oktoba ofishi a rufe yake, bayan an buɗe kuma takardu sun taru. To ko dai ka shigar da takardunka tsakiyar Satumba, ko ka jira sati na biyu na Oktoba ka shiga layi. Fasfo da katin rigakafi kuma tun Agusta.

Ka lura, kayan Sallar da za a yi a Maris, tun damina ba ta ɗauke ba ake fara shirinsu.

Wanda kayansa marasa nauyi ne, irin agogo, sarƙa, kayan waya, yana iya bin kagon sama ya rage makonni da yawa. Amma shi ma hutun bai ƙyale shi ba, don ana dab da rufewa kowa ke son kayansa su tashi.

Mataki na uku: baje kolin Kanton, a shiga ko a kauce?

Da an gama hutun Oktoba da mako guda sai baje kolin Kanton, babban baje kolin kayan Sin, ya buɗe a unguwar Pazhou ta Gwanzu. Tun 1957 ake yin sa, sau biyu a shekara, kowanne zango uku. Na kaka: 15 zuwa 19 ga Oktoba, 23 zuwa 27 ga Oktoba, sai 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. Na bazara: 15 zuwa 19 ga Afrilu, 23 zuwa 27 ga Afrilu, sai 1 zuwa 5 ga Mayu. Zangon farko na kayan lantarki ne da injuna da kayan gyaran mota. Na biyu kayan gida, kayan gini, kujeru da kayan ado. Na uku tufafi, takalma, jakunkuna, kayan yara da na makaranta. Duba zangon ƙarshe na bazara da kyau: daidai yake da hutun ma'aikata, wato baƙin duniya da 'yan gida masu yawon hutu duk ɗaki ɗaya suke nema.

Ra'ayina, kuma na san akwai manyanmu da ba za su yarda ba: mai ƙaramin jari a tafiyar farko ba ya buƙatar ya gina tafiyarsa a kan baje kolin nan. Masu rumfuna a can masana'antu ne, oda mai yawa suke nema, kai kuma katon ashirin ko talatin ka zo haɗawa. Kuɗin ɗaki kuma yakan yi tashin gwauron zabo. Abin da na fi so shi ne mutum ya sauka wajen 2 ga Nuwamba, ya samu yini biyu na ƙarshe ya buɗe ido, ya karɓi katunan masu kaya, sannan daga 5 ga wata, da baƙi sun watse ɗaki ya sauko, ya shiga kasuwa ya yi aikinsa. In za ka shiga, yi rajista ta intanet tun kana gida, ka tafi da fasfonka don karɓar katin shiga. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 8 ne ke kai mutum ƙofar wurin.

Mataki na huɗu: takardu

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida da shafukan da ba a buga ba. Sunan da ke jikinsa ya dace da na lambar ɗan ƙasa harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya cinye maka makonni. Ka guji neman fasfo lokacin shirin alhazai, ofisoshi cike suke.

Katin rigakafin shawara wajen ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake karɓa. Allurar sai ta kwana goma kafin takardar ta fara aiki, amma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Kada ka yarda wani ya kawo maka kati ba allura.

Bizar kasuwanci ita ce mai harafin M, kuma tana son takardar gayyata daga kamfanin da ke can. Za ka cike fom ta intanet. Kwanakin aiki ake ƙirgawa, ban da Asabar da Lahadi da hutu. In ta fito, karanta abu biyu: ranar ƙarshe da za ka iya shiga, da yawan kwanakin da aka ba ka ka zauna. Wuce wa'adi tarar yuwan (kuɗin Sin) 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa, kuma ba a karɓar uzurin cewa hutu ne ya hana ka samun jirgi.

Ni ba na biyan tikitin da ba a canza masa rana sai biza ta zo hannuna.

Mataki na biyar: jirgi da masauki

Daga Kano akwai hanyar Addis Ababa da jirgin Habasha, akwai ta Alƙahira da na Masar. Daga Addis zuwa Gwanzu awa goma ne da wani abu a sama. Agogon Sin kuma yana gaban namu da awa bakwai, saboda haka ranar da ka tashi ba ita ce ranar da za ka sauka ba. Da yawa kan kama ɗaki da ranar tashi, su biya daren da suka yi shi a sama. Ranar sauka da ke jikin tikiti ita za ka ba otal.

Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, amma kada ka yi sammako ranar tashi kana dogaro da hanya. Ka kwana Kano.

Wurin kama ɗaki, tabbatar otal ɗin na karɓar baƙi 'yan waje kafin ka biya, domin ƙananan masaukai da dama ba sa son wahalar yi wa baƙo rajista. Otal shi ke yi maka rajistar 'yan sanda. In gidan wani ɗan'uwa za ka sauka, doka ta ce cikin awa 24 ka je ofishin 'yan sandan unguwa a rubuta ka. Mutanenmu sun fi sauka wajen Xiaobei, a kan layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko Sanyuanli a kan layi na 2, inda kasuwannin jaka da fata suke kusa. Sa otal ya turo maka adireshinsa da rubutun Sinanci, ka ɗauki hotonsa a waya, ka kuma buga shi a takarda. Direban tasi ba zai gane yadda kake furta sunan unguwa ba, komai ƙoƙarinka.

Mataki na shida: waya da kuɗi, tun kana gida

A can Google, WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a intanet ɗin gida. In ka kunna yawo, wato roaming, a layinka na Najeriya sukan buɗe, sai dai da tsada. Sauke WeChat, manhajar saƙo da kira da suke amfani da ita a can, tun kana Katsina, ka buɗe asusu, don wani lokaci sabon asusu sai wani mai tsohon asusu ya tabbatar da shi. Saka wa Hajiya da mai ɗaki shi ma, ka gwada kira da su kafin ka tafi. Ni daren farko har asuba mahaifiyarmu ba ta runtsa ba, saboda ba ta ji na sauka ba. Sauke manhajar fassara wadda ke aiki ba data, da Alipay, manhajar biyan kuɗi, ka gwada ɗaura katin dalarka a kanta. In ya ƙi, gara ka sani kana kusa da bankinka.

Kuɗin hannu: sama da dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastan ɗinmu wurin fita, a Sin kuma sama da dala 5,000 ake bayyanawa wurin shiga. Cike takardar ka huta, ita ce shaidarka. Wajen 'yan canji ka ce a ba ka sabbin 'yan ɗari-ɗari marasa tabo. Ka raba kuɗin gida biyu ko uku a jikinka da jaka.

Soket ɗinsu ba irin namu mai ƙafa uku masu faɗi ba ne, ka sayi mahaɗi. Batirin cajin waya kuma, tun ƙarshen Yunin 2025 ba a shiga jirgin cikin gida na Sin da wanda ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta Sin. A wurin bincike za a karɓe.

Mataki na bakwai: jera kwanakin

Ga yadda nake raba kwana goma sha biyu zuwa sha huɗu. Yinin sauka, barci. Kada ka yi ciniki ranar, kanka bai dawo daidai ba. Yini na biyu, je ka ga mai kago da idonka: ina sitonsa yake, nawa yake caji, wace rana ce lodinsa na gaba. Duk sauran jadawalinka a kan wannan ranar lodin zai rataya.

Yini biyu ko uku na gaba, yawo ba saye. Riƙe ɗan littafi da abin maƙala takarda. Duk shagon da ya yi maka, karɓi kati ka maƙala a shafi, ka rubuta farashi da mafi ƙarancin da suke sayarwa, ka ɗauki hoton kayan tare da katin a hoto ɗaya. Kasuwannin nan hawa-hawa ne, layukan duk kamarsu ɗaya. Shagon da ka bari ba lamba, ka yi sallama da shi. Farashi a na'urar lissafi ake buga shi, shi ya danna, kai ka goge ka danna naka.

Daga nan sai oda, da wuri, don a samu kwanakin haɗa kaya kana gari. Kafin alƙalami yawanci kashi 30 cikin 100 ne, ragowar sai ka ga kaya. A rasit a rubuta launi, lamba, yawa da ranar kawowa sito. Yini biyu na ƙarshe na duba kaya ne: a buɗe katon a gabanka, ka zaro daga ƙasa, ka ƙirga, a rubuta alamarka a jiki. Ka bar yini ɗaya fanko, wani abu zai cinye shi.

Juma'a ranar aiki ce a can, amma ka sassauta mata jadawali. Masallacin Xianxian, inda ake danganta wani kabari ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, yana cika maƙil, kuma nan za ka haɗu da 'yan gida da za su nuna maka hanya. Akwai kuma tsohon masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya. Abinci kuwa, nemi shagunan taliyar hannu ta mutanen Lanzhou, Musulmi masu fararen huluna, kusan kowace unguwa akwai. Ɗan ƙulli na yaji da kilishi ma mutane kan so tafiya da shi, amma nama haramun ne shiga da shi, a filin jirgi za a ƙwace. Yajin ya wadatar.

Zuwa Yiwu a tafiyar farko? In kayanka ƙanana ne, irin kayan kicin, kayan kwalliya, kayan wasan yara, to can ne gidansu, kuma kasuwar shiyya biyar ce, ba ta zagayuwa a yini biyu. In ba haka ba, ka tsaya gari ɗaya. Tikitin jirgin ƙasa kwana 15 kafin tafiya ake fara sayarwa, ta manhajar 12306 ko Trip.com, da lambar fasfo. A ranakun hutu kujerun manyan hanyoyi nan da nan suke ƙarewa. Fasfonka shi ne tikitinka, ka bi layin da ma'aikaci ke tsaye.

In dole ta sa ka faɗa cikin hutun

Wani lokaci biza ce ke makara ta tura mutum. To kada ka sa tafiya tsakanin garuruwa a yinin farko ko na ƙarshe na hutun. Mota ma ba mafita ba ce, don a manyan bukukuwan nan ana ɗauke wa ƙananan motoci kuɗin manyan tituna, kowa ya fito, hanya ta cushe. Kama ɗaki na dukan kwanakin a karo ɗaya. Canza kuɗin da zai ishe ka kafin bankuna su rage aiki. Gama maganar kago kafin a rufe, ka karɓi lambar mutum ɗaya da zai amsa waya. Kwanakin kuma ka yi amfani da su ka koyi layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka je ƙofar kowace kasuwa ka gane ta, ka ƙirga mintin da ke tsakaninta da masaukinka. Abin da na yi ke nan a wancan makon, bisa umarnin Kawu, kuma da aka buɗe ranar 8 ga wata ban ɓata ko sau ɗaya ba.

Ranar dawowa, je filin jirgin Baiyun na Gwanzu awa huɗu kafin tashi, don layin awon kaya na masu zuwa Afirka dogo ne. Auna jakunkunanka tun a otal. Rasit da takardar kago su zauna a jakar hannu. In jirgi ya sauke ka Kano da yamma, kira gida ka ce ka iso, ka nemi wurin kwana, da safe ka kama hanyar Katsina.